Janareta mara mai, takunkumin Sin da sufakwandakta: me masu binciken maganaɗisu suke nema?

Shin gaskiya ne an ƙera janareta mai aiki da maganaɗisu kaɗai, ba fetur ba gas, aka ɓoye shi don kada kasuwar mai ta mutu? Tambayar da ke yawo ke nan a fadodin shayi na Maraɗi tun da bidiyoyin irin wannan inji suka cika WhatsApp da TikTok. Wasu labarai biyu kuma suka shigo suka ƙara dagula lissafin. A 2023 an yi ta yayata cewa masu bincike a Koriya ta Kudu sun haɗa wani abu da wutar lantarki ke ratsawa ba tare da ko ɗigo ya salwanta ba, wato abin da ake kira sufakwandakta. A Afrilun 2025 kuma ƙasar Sin ta taƙaita fitar da wasu ma'adinai da ake yin maganaɗisu da su, har Ford a Amurka da Suzuki a Japan suka dakatar da ƙera wasu motoci na ɗan lokaci. Mai sauraro ya haɗa ukun wuri guda ya yanke hukunci: lallai akwai wutar banza a jikin mayen ƙarfe, shi ya sa manya ke rigima a kansa.

Rigimar gaskiya ce. Binciken ma gaskiya ne, ana kuma zuba masa kuɗi masu nauyi. Wutar banzar ce babu.

Dillali ne, ba mai kaya ba

Wanda ya san kasuwar Maraɗi ya san dillali: ba shi ya noma waken ba, ba kuma shi zai ci ba, amma in ba ya nan ciniki ba ya faɗawa. Matsayin maganaɗisu ke nan tsakanin motsi da wutar lantarki. A 1820 Hans Christian Ørsted na ƙasar Denmak ya lura cewa in wuta na bi ta cikin waya, allurar kamfas da ke kusa takan karkace. A 1831 Michael Faraday na Ingila ya nuna ɗaya fuskar: in aka motsa maganaɗisu kusa da naɗin waya, wuta za ta taso a cikin wayar. A kan na farkon aka gina fanka da famfon ruwa da lasifika. A kan na biyun aka gina janareta, da naɗin wayar da ke cajin batirin babur ɗin ɗan kabu-kabu.

Sharaɗin shi ne sai wani ya motsa shi, kuma duk yadda kake jan wuta, haka juyawar take ƙara nauyi. Ba sai an je jami'a ba kafin a tabbatar da wannan. Mai janareta ya san yadda kukan inji ke sauyawa da zarar an jona dutsen guga ko injin walda, ya kuma san man zai fi saurin ƙarewa. Ƙarfin da ƙwan fitila ke ci daga fetur ya fito, ko daga ruwan madatsa, ko iska, ko hannun mutum. Faifan da ke juyawa shi kaɗai a bidiyo yana kunna ƙwai goma, akwai batir ɓoye a ƙarƙashin katako, ko waya da aka kauda daga idon kyamara, ko kuma an yanka hoton an liƙa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

To in haka ne me ake bincike? Ana neman kayan da za su yi wannan dillancin da ƙaramin jiki, da ƙarancin asara, su kuma jure zafi.

Mai riƙo da mai saki

Kayan maganaɗisu iri biyu ne. Akwai mai riƙo, wanda in aka cusa masa ƙarfin ja sau ɗaya zai riƙe shi shekara da shekaru. Baƙin zoben da ke bayan lasifika irinsa ne, ana kiransa ferayit, yana da araha amma ƙarfinsa kaɗan ne. Wanda ya fi kowa ƙarfi a kasuwa yau shi ne mai ƙyallin nan da ake haɗawa da ƙarfe da boron da wani sinadari mai suna niyodimiyam. Mutum biyu ne suka gano shi a farkon shekarun 1980, kowa a ɓangarensa: Masato Sagawa a kamfanin Sumitomo na Japan da John Croat a General Motors na Amurka. Shi ya sa abin sauraro na kunne ya ƙanƙance, shi ne kuma a cikin injin famfuna masu aiki da hasken rana da yawa, da babura da motoci masu batir.

Akwai kuma mai saki, wanda ke ɗaukar ja in wuta ta zo, ya sake shi in ta tafi. Siraran fallayen ƙarfen da masu naɗin waya ke gani in sun buɗe fanka ko taransifoma, su ne. A nan asara ake yaƙa, domin duk ɗauka da saki yana fitar da zafi. An gano cewa in aka narka ƙarfe aka sanyaya shi cikin ƙiftawar ido, kafin ƙwayoyinsa su samu damar jeruwa, ana samun wani siririn falle mai ɗauka da saki cikin sauƙi. Taransifomar da aka yi da shi tana rage wutar da ke ɓacewa a cikin ƙarfenta da kusan kashi 70 cikin ɗari.

Abin da ya fi shafar mu a wannan babi shi ne zafi. Tun 1895 Pierre Curie na Faransa ya nuna cewa kowane maganaɗisu yana da zafin da in ya kai shi, jan ya ɓace. Na ƙarfe digiri 770 ne. Na niyodimiyam bai wuce 310 da ɗoriya ba, kuma tun kafin a je can, mai araha daga cikinsa yakan fara rasa ƙarfi in ya haura digiri 80, rashin da ba ya dawowa ko ya huce. A garin da inuwa ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, injin da aka ɗora wa kaya fiye da ƙima a ɗakin kwano, ko famfon da ya ci gaba da juyawa bayan ruwan rijiya ya janye, bai yi nisa da wannan iyakar ba. Mai lambu zai ga famfo yana aiki amma ruwa ya ragu, ya ɗora laifi a kan farantin rana, alhali wani lokaci matsalar tana cikin injin. Don a ɗaga iyakar zuwa digiri 150 ko 200, ana ƙara wasu sinadarai biyu masu tsada, disfurosiyam da tarbiyam. A riƙe sunayensu, za mu sake haɗuwa da su.

Na'urar ji da ba ta da waya, ba ta da batir

Na'urar ji, wadda makanikai ke ce wa sansa, aikinta ta ji wani abu ta ba da labari: zafi, danshi, nauyi, juyawa, girgiza. Masu amfani da maganaɗisu sun daɗe a aljihunmu. Manhajar da ke nuna alƙibla a wayar salula tana dogara da wata ƴar mitsitsiyar na'ura mai jin jan maganaɗisun duniya, shi ya sa in ka tsaya kusa da ƙofar ƙarfe ko lasifikar masallaci sai kibiyar ta rikice. Tushen wasu daga cikinsu binciken Edwin Hall ne na 1879. Wasu kuma sun samo asali daga aikin Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus a 1988, aikin da ya ba kwamfuta damar adana bayanai masu yawa a ƙaramin faifai, ya kuma kai su ga lambar Nobel a 2007.

Cire waya daga jikin irin waɗannan na'urori ba shi ne da wuya ba, ƙaramar rediyo ta isa. Inda gizo ke saƙa shi ne batir. Na'ura dubu, batir dubu, kowanne da ranar mutuwarsa, zafi kuma yana gaggauta ta. Wa zai bi gonaki ko turakun wuta yana canza su? Saboda haka masu bincike suka koma ga wata tsohuwar ɗabi'ar ƙarfe da James Joule ya bayyana a 1842: in maganaɗisu ya ratsa ƙarfe, tsawonsa yakan sauya kaɗan. A 1865 Emilio Villari ya nuna kishiyarta, wato in aka matse ƙarfen ko aka lanƙwasa shi, jansa ne ke sauyawa.

Kowa ya taɓa jin wannan da kunnensa. Gurnanin da taransifomar kamfanin wuta na NIGELEC ke yi a bakin layi, mafi yawansa daga nan yake: wutarmu tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, ƙarfen ciki yana miƙewa ya koma sau 100, iska ta ɗauko sautin. A ƙarfen yau da kullum miƙewar ba ta kai kaurin gashi ba a tsawon mita guda. Amma a shekarun 1970 wani ɗakin bincike na sojan ruwan Amurka ya haɗa Terfenol-D, gaurayen ƙarfe da tarbiyam da disfurosiyam, wanda sandarsa mai mita guda kan ƙaru da abin da ya kusa milimita 2. Don na'urar jin motsin jiragen ƙarƙashin teku aka yi shi. Aibinsa yana da tsada, yana kuma fashewa in ya sha duka. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1990, aka samo Galfenol, ƙarfe da galiyam, wanda bai kai shi miƙewa ba amma yana jure lanƙwasa da walda.

Hanya biyu ake bi da wannan ɗabi'ar. Ta farko, na'urar ta tsinci abincinta a inda take. A Jami'ar Kanazawa ta Japan an ƙera ƴan ƙananan na'urori na Galfenol da ake liƙawa a jikin inji ko gada, girgizar wurin ta riƙa lanƙwasa su, naɗin waya ya mayar da hakan wuta. Akwai kuma waɗanda ake maƙalawa a wayar lantarki su tsotsi jan da ke kewaye da ita. Kada wani ya ce ai ga wutar banzar nan. Girgizar daga injin da ke shan mai ta fito, kuma abin da ake samu ɗan kaɗan ne, galibi kashi ɗaya ko ƴan kashi cikin dubu na wat guda. Ya isa a auna zafi a tura saƙo bayan ƴan mintuna. Ba zai kunna ko ƙwan fitila ɗaya ba.

Hanya ta biyu ta fi burge ni, domin babu batir babu rediyo babu komai sai siririn falle. Manyan kantuna na ƙasashen waje suna liƙa wa kayansu wani ɗan farin tambari don kama ɓarayi. A cikinsa akwai fallen wancan ƙarfe da aka sanyaya da gaggawa. Ƙofar kantin tana aika bugun maganaɗisu sau 58,000 a daƙiƙa, fallen ya kama rawa, ya ci gaba da ita ɗan lokaci bayan bugun ya tsaya, ƙofar ta ji ta yi ƙara. Masu bincike suka lura cewa saurin rawar yana sauyawa da nauyin fallen da zafinsa. In aka shafa masa abin da ke shan danshi, zai yi nauyi in wurin ya jiƙe, rawarsa ta ragu, a karanta hakan daga waje. An gwada wannan a ɗakunan bincike wajen auna danshi da kaurin ruwa da gano ƙwayoyin cuta a abinci.

A yi tunanin buhun wake mai leda biyu a ciki, irin na PICS, wanda masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Maraɗi suka taka rawa wajen gwada shi da yaɗa shi. Sirrinsa kada iska ta shiga, wato buɗe shi don dubawa ɓarna ce. Fallen da ke kwance a ciki, a ɗora masa abin karatu daga waje a san ko danshi ya kama, zai yi amfani ga mai ajiyar wake da mai ajiyar gujiya da ke tsoron fumfuna. Wannan hasashena ne na inda fasahar za ta iya dacewa da mu, ba kayan da ke kan tebur a kasuwa ba. Cikas ɗinta kuma a fili yake: sai mai karatu ya matso kusa, zafi yakan gauraya da danshi ya ruɗa lissafi, kuma in hatsin a gangar ƙarfe yake, ƙarfen zai tare bugun.

Mai motsarwa

Ita kuma wannan kishiyar na'urar ji ce: a ba ta wuta, ta motsa wani abu. Ƙaras ɗin da kake ji in ka murɗa makullin mota, da girgizar salula, da bawul mai buɗe ruwa da kansa, duk aikinta ne. Binciken nan ya fi karkata ga motsi ƙarami mai tsananin daidaito, irin na madubin kyamara da na'urorin tiyata. Wanda zai fi amfanar mai noman rani a Jiratawa shi ne bawul ɗin da bugun wuta guda ke buɗewa, maganaɗisu ya riƙe shi a buɗe ba tare da ƙarin wuta ba, sai an sake buga shi ya rufe. Irinsa ya riga ya shiga kasuwar duniya. Haɗa shi da na'urar jin danshin ƙasa shi ne abin da ake nufi in an ce ban ruwa na zamani.

Sufakwandakta: matsalar sanyi ce

Kowace waya tana yi wa wuta turjiya, shi ya sa take ɗumi, ɗumin nan kuma asara ne. A 1911 Heike Kamerlingh Onnes a garin Leiden na Holan ya sanyaya zaiba zuwa digiri 269 ƙasa da sifili, sai turjiyar ta ɓace gaba ɗaya. Abin da ya shiga wannan hali shi ake kira sufakwandakta. A 1933 aka gano yana kuma korar jan maganaɗisu daga jikinsa, dalilin da ya sa ake ganin ɗan dutse yana shawagi a bidiyo.

Tarihin fannin tun daga nan ƙoƙarin rage buƙatar sanyin ne. A 1986 Georg Bednorz da Alex Müller na IBM a Zurik suka buɗe sabuwar hanya da wani abu mai kama da tangaran, shekara guda bayan haka aka ba su Nobel. A 1987 aka kai digiri 180 ƙasa da sifili, wanda ruwan naitirojin mai araha ke iya samarwa. A 1993 aka kai kusan 140 ƙasa da sifili. A 2015 wasu masana a Mainz ta Jamus suka kai 70 ƙasa da sifili, a 2019 aka kai 23 ƙasa da sifili, amma waɗannan biyun sai an matse ɗan ƙwayar abin tsakanin lu'ulu'u biyu da nauyin da ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau miliyan ɗaya da rabi. Ba a yin waya da irin wannan.

Shi ya sa duniya ta ɗauka da zafi a Yulin 2023 da masu binciken Koriya ta Kudun nan suka ce LK-99, gaurayen dalma da tagulla da fosfet, yana yin aikin a zafin ɗaki ba tare da matsi ba. Ɗakunan bincike a Sin da Jamus da Amurka da Indiya suka haɗa nasu. Kafin Agusta ya ƙare an gane cewa wani gurɓataccen sinadarin tagulla da farar wuta da ya maƙale a ciki ne ya ruɗi masu aunawa, tsantsar abin ma ba ya barin wuta ta wuce. A Nuwamban shekarar mujallar Nature ta janye wata takarda dabam mai irin wannan iƙirari. Labarin ganowar ya iso wayoyinmu. Na ƙaryatawar ne bai samu masu turawa ba.

Inda sufakwandakta ke aiki yau, ana biyan kuɗin sanyinsa. Na'urar hoton asibiti ta MRI tana da naɗin wayar niyobiyam da titaniyam a cikin ruwan hiliyam, tsofaffin samfura kan sha lita 1,500 ko fiye, kuma ƙasashe kaɗan ke fitar da hiliyam, irin su Amurka da Katar da Aljeriya. Wannan na cikin dalilan da suka sa hoton ke da tsada, na'urar kuma ta yi ƙaranci a yankinmu. A 2018 Philips ya fito da samfurin da lita 7 ta ishe shi, a rufe ba a ƙarawa. A ganina wannan ya fi kusa da rayuwar majinyacin Maraɗi fiye da jirgin ƙasan Japan mai shawagi da ya yi gudun kilomita 603 a awa a 2015. Wayar raba wuta ma an gwada ta, kamar mai kilomita guda da aka shimfiɗa a birnin Essen na Jamus a 2014, amma dole injin sanyi ya riƙa aiki dare da rana.

Ko da an samu wadda ba ta buƙatar sanyi, ba za ta haifi wuta ba, asarar hanya kawai za ta rage. Duhun da aka shiga a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da ke kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da Nijar ke amfani da shi, ba turjiyar waya ta kawo shi ba.

Me ya sa Sin ke riƙe da wuyan kowa

Sinadaran da ake rigima a kansu 17 ne, kuma ba wai sun yi ƙaranci a ƙasa ba ne. Raba su da juna ne aiki, domin a cakuɗe suke fitowa, sai an bi matakai masu yawa da ruwan asid, a bar dattin da ke gurɓata ƙasa da ruwa. Amurka ce kan gaba a da, da mahaƙar Mountain Pass, ta rufe ta a 2002 kafin a farfaɗo da ita daga baya. Sin ta ɗauki aikin da dattinsa, musamman a yankin Baotou, yau ita ke tace kusan kashi 90 cikin ɗari, ita ke kuma ƙera kusan haka na maganaɗisu masu ƙarfi.

A ranar 4 ga Afrilun 2025, kwana biyu bayan Shugaba Trump ya sanar da sabon harajinsa, Sin ta ce sinadarai bakwai, ciki har da disfurosiyam da tarbiyam, ba za su fita ba sai da lasisi. Hujjarta tsaro, domin ana sa su a makamai masu linzami da jiragen yaƙi. Amurka da Turai suka ce ta mayar da ciniki makami. Kowanne yana da tasa gaskiyar, sai dai masu kukan su ne suka yi shekaru suna jin daɗin arahar da dattinta ke zuba a ƙasar wani. Martaninsu shi ne buɗe sabbin mahaƙu da neman maganaɗisun da ba ya buƙatar waɗannan sinadarai, kamar na ƙarfe da naitirojin da kamfanin Niron ke ƙoƙarin fitarwa a Minesota. Galfenol ma bai tsira ba, don tun Agustan 2023 Sin ta sa wa galiyam irin wannan ƙa'ida.

Ga mai saye a Maraɗi, abin lura shi ne takunkumin ya fi cizon masana'antun da ke wajen Sin, alhali yawancin famfuna da baburanmu masu batir a haɗe suke zuwa daga can. Haɗarin da ya fi kusa shi ne a rage sinadarin jure zafi don kaya ya yi araha, mai saye kuma ba ya iya gani da ido. Tambayar mai kanti iyakar zafin da injin ke ɗauka, da ko yana kashe kansa in ruwa ya ƙare, ba ƙaramin abu ba ne.

Masu mafarkin haƙa kuma su sani, baƙin yashin da ke maƙale wa mayen ƙarfe a ƙorama bayan ruwan sama, tama ce, ba niyodimiyam ba. Ma'adinin da ake nema da ƙyar yake amsa jan maganaɗisun hannu. Maƙwabtanmu sun taɓa riƙe irin wannan arziki: a shekarun 1950 tudun Jos, inda Hausawa da yawa suka je aikin kuza, yana kan gaba a duniya wajen fitar da ma'adinin da ake ciro niyobiyam daga cikinsa. Ɗanye aka kwashe shi, yau Birazil ce ke riƙe da kasuwar.

Wanda ke hannunmu yanzu yana wurin masu sayen tsohon ƙarfe. Faifan ajiyar tsohuwar kwamfuta da injin famfon da ya ƙone da mataccen babur mai batir suna ɗauke da niyodimiyam da aka riga aka tace, amma a kan kilo ake auna su tare da ƙafar gado. A duniya baki ɗaya abin da ake sake sarrafawa na waɗannan sinadarai bai wuce kashi 1 cikin ɗari ba. A Jami'ar Bamingam ta Ingila an fito da hanyar da ake tura iskar haidurojin kan tsohon maganaɗisu, ya ruɓushe ya zama gari, a tankaɗe a sake matse shi ya zama sabo, kuma kamfanin HyProMag ya ɗauki hanyar zuwa masana'anta.